Yadda ɗaliban sakandare ke tsara karatun tarihi a Amurka

A watan Mayun kowace shekara, ɗaliban sakandare fiye da dubu 400 ne ke zama jarrabawar tarihin Amurka ta shirin da ake kira AP.

Jarrabawar ta ƙunshi abubuwan da suka faru tun daga shekarar 1491, wato shekara guda kafin Kolumbus ya isa nahiyar, har ya zuwa wannan zamani.

Ke nan ɗalibi ɗan shekara 16 ko 17 na da abin da bai wuce wata tara ba domin ya karanci tarihin shekaru sama da 530, alhali kuwa ga lissafi da Turanci da kimiyya, kowanne da nasa aikin gidan.

Binciken da masana suka gudanar a kan koyo da tunawa ya nuna cewa yadda ɗalibi ya rarraba irin wannan aiki a tsawon shekara na da tasiri matuƙa, kuma tara awoyi a gaban littafi kaɗai ba ya wadatarwa.

Wane ne ke tsara manhaja?

Amurka ba ta da manhajar karatu guda ɗaya ta ƙasa baki ɗaya.

Tsarin mulkin ƙasar ya bar sha'anin ilimi a hannun jihohi, su kuma jihohin suna raba wannan iko da hukumomin makarantu na yankuna, waɗanda yawansu ya kai kimanin dubu 13.

Babbar sakandare a ƙasar shekara huɗu ce, daga aji na 9 zuwa aji na 12.

A jihohi da dama ana koyar da tarihin Amurka ne a aji na 11, wanda ya yi daidai da aji biyu na babbar sakandare a Najeriya.

Sai dai abin da ake koyarwa ya bambanta daga jiha zuwa jiha.

A tsarin da jihar Texas ta daɗe tana bi, darasin babbar sakandare na farawa ne daga shekarar 1877, domin an riga an karanci abin da ya gabata a aji na 8.

A Kalifoniya kuwa, an fi mayar da hankali a kan ƙarni na 20.

Shirin AP kuwa ya yi kama da manhaja ta bai ɗaya, domin ɗalibin da ke Florida da wanda ke Alaska jarrabawa iri ɗaya suke zama.

Wata hukuma mai zaman kanta da ake kira College Board, wadda aka kafa a shekarar 1900, ita ce ke gudanar da shirin tun 1955.

Manufarsa ita ce bai wa ɗalibin sakandare damar ɗaukar darasi mai nauyin na shekarar farko a jami'a.

Manhajar ba ta tsira daga rikicin siyasa ba.

Lokacin da aka yi mata garambawul a shekarar 2014, kwamitin ƙasa na jam'iyyar Republican ya zarge ta da fifita munanan ɓangarorin tarihin ƙasar, abin da ya sa hukumar ta sake yi mata gyara a 2015.

Abin da ɗalibi ke nema

Ana bayar da sakamakon jarrabawar AP ne daga maki 1 zuwa 5.

Jami'o'i da yawa na yafe wa ɗalibin da ya samu 3 ko 4 ko 5 wani darasi na shekarar farko, kodayake kowace jami'a na da nata sharaɗin, wasu ma ba sa yafewa.

A ƙasar da ake biyan dubban daloli kuɗin jami'a a shekara, wannan rangwame na da muhimmanci ga iyaye.

Kuɗin zama jarrabawar a cikin Amurka dala 99 ne a shekarar 2025, ana kuma rage wa 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi.

Bayan haka akwai makin da malamin aji ke bayarwa, wanda ake tarawa daga aikin gida da gwaje-gwaje da maƙaloli.

Wannan maki na shiga takardar sakamakon da ɗalibi zai aika wa jami'o'i a farkon aji na 12, shi ya sa ake ɗaukar aji na 11 a matsayin shekarar da ta fi kowace nauyi.

Akwai kuma damuwar da ta shafi ƙasar baki ɗaya.

A gwajin da gwamnatin tarayya ta yi wa ɗaliban aji na 8 a shekarar 2022, kashi 13 cikin 100 ne kacal suka kai matakin ƙwarewa a tarihin Amurka, yayin da kashi 40 cikin 100 suka gaza kaiwa ko da matakin farko.

Ma'ana, ɗalibai da dama na shiga babbar sakandare ne ba tare da tushe mai ƙarfi ba.

Lissafin makonni

Tsarin karatu na farawa ne da kalanda.

Makarantu a yawancin jihohin kudu na buɗewa ne a watan Agusta, yayin da na birnin New York ke jira sai farkon Satumba.

Tunda lokacin jarrabawar ɗaya ne, wasu ɗaliban sun fi wasu samun makonni uku ko huɗu na karatu.

Idan aka cire hutun ranar godiya a watan Nuwamba, da na Kirsimeti da sabuwar shekara, da na tsakiyar zango a watan Maris ko Afrilu, abin da ya rage kimanin mako 30 ne.

Malamai kan ware uku ko huɗu daga ciki domin bita.

Littafin The American Pageant, wanda masanin tarihi Thomas Bailey ya fara wallafawa a 1956, na daga cikin waɗanda aka fi amfani da su, kuma yana da babi fiye da 40.

Idan aka raba waɗannan babobi a kan makonnin da suka rage, za a ga cewa dole ɗalibi ya karanta babi ɗaya da rabi a kowane mako, wato shafi 30 zuwa 40.

Wanda ya yi sakaci na mako biyu zai tarar da shafi kusan 80 na jiransa, ga kuma sabon aiki na shigowa.

Manhajar ta kasa tarihin gida tara, amma nauyinsu a jarrabawa ba ɗaya ba ne.

Kashi na farko, daga 1491 zuwa 1607, yana ɗaukar kashi 4 zuwa 6 cikin 100 ne na tambayoyi, haka ma na ƙarshe wanda ya fara daga 1980.

Na biyu, daga 1607 zuwa 1754, zamanin kafa yankunan mulkin mallaka, na ɗaukar kashi 6 zuwa 8.

Sauran guda shida, waɗanda suka taso daga 1754 zuwa 1980, kowanne na ɗaukar kashi 10 zuwa 17.

Wannan lissafi na nuna wa ɗalibi inda ya kamata ya fi zuba ƙarfinsa.

Matsalar da aka saba gani ita ce, aji kan ɓata lokaci mai yawa a farkon shekara a kan zuwan Turawa, sannan a watan Afrilu a bi ta kan yaƙin cacar baki da yaƙin Biyetnam da fafutukar 'yancin baƙaƙen fata a gurguje.

Ire-iren aikin gida

Siffar jarrabawar ce ke tantance irin aikin da malami zai bayar.

A tsarin shekarar 2025, akwai tambayoyin canki-canka 55 da ake amsawa cikin minti 55, waɗanda ke ɗauke da kashi 40 cikin 100 na maki.

Sai gajerun tambayoyi uku cikin minti 40, masu kashi 20.

Sai maƙalar da ake rubutawa bisa takardun tarihi guda bakwai cikin awa ɗaya, mai kashi 25.

Na ƙarshe shi ne doguwar maƙala cikin minti 40, mai kashi 15.

Jimillar lokacin awa uku ne da minti 15, kuma kashi 60 cikin 100 na makin daga rubutu yake fitowa.

Ko tambayoyin canki-cankan ma suna zuwa ne tare da wani yanki na jawabi, ko taswira, ko zanen barkwanci na jarida, wanda sai ɗalibi ya fassara shi kafin ya zaɓi amsa.

Saboda haka aikin gida ya kasu kusan gida uku: karanta babi tare da rubuta muhimman bayanai, da nazarin takardun asali, da kuma gwajin rubuta maƙala.

Wajen rubuta bayanai, malamai da dama na koyar da tsarin da Walter Pauk na jami'ar Cornell ya ƙirƙiro a shekarun 1950.

Ana raba shafi gida uku ne: fili mai faɗi a dama domin bayanai, siririn fili a hagu domin tambayoyi, da 'yan layuka a ƙasa domin taƙaitawa.

Amfanin tsarin shi ne, ɗalibi zai iya rufe ɓangaren dama ya gwada amsa tambayoyin hagu da ka.

Sanin shekaru na da muhimmanci, amma abin da ake ba maki a kansa shi ne iya bayyana yadda wani lamari ya haifar da wani.

Misali, yaƙin da Birtaniya ta gama da Faransa a 1763 ya bar ta da bashi mai yawa.

Bashin ya sa majalisar dokokinta ta ɗora wa mazauna Amurka harajin kan sarki a 1765, harajin ya jawo bore, rikici ya ci gaba har aka fara musayar wuta a 1775, aka kuma ayyana 'yancin kai a 1776.

Ɗalibin da ya riƙe wannan silsila zai iya tuna shekarun cikin sauƙi, domin kowace na rataye da 'yar uwarta.

Haka abin yake game da yaƙin basasa.

Sayen yankin Louisiana daga Faransa a 1803, da yaƙi da Meziko daga 1846 zuwa 1848, sun ƙara wa ƙasar faɗi.

Kowane sabon yanki kuma ya sake tayar da tambayar ko za a halatta bauta a cikinsa.

An yi sulhu a 1820, aka sake yi a 1850, amma bayan zaɓen Abraham Lincoln a 1860 jihohin kudu suka ɓalle.

A lokacin akwai bayi kusan miliyan huɗu a ƙasar, yaƙin da aka yi daga 1861 zuwa 1865 kuma ya ci rayuka fiye da dubu 600.

Karanta takarda irin ta masana

Maƙalar takardun tarihi, wadda aka shigar cikin jarrabawar a 1973, ita ce ɗalibai suka fi jin tsoro.

Ana ba ɗalibi tambaya guda da takardu bakwai, kamar wasiƙa, ko jawabi, ko hoto, ko jadawalin ƙididdiga.

Ana so ya ɗauki matsayi, ya kafa hujja da aƙalla huɗu daga cikinsu, ya kawo wata hujjar daga abin da ya sani, ya kuma bayyana yadda marubucin takarda ko manufarsa ko masu sauraronsa suka shafi abin da ta ƙunsa.

A shekarar 1991, masanin ilimi Sam Wineburg ya wallafa wani bincike da ya nuna inda gizo ke saƙar.

Ya bai wa masana tarihi takwas da haziƙan ɗaliban sakandare takwas takardu iri ɗaya game da arangamar da aka yi a garin Lexington a 1775.

Masanan kan fara duba wanda ya rubuta takarda da lokacin da ya rubuta ta, kafin su karanta abin da ke ciki, sannan su gwada ta da sauran.

Ɗaliban kuwa kan karanta daga sama zuwa ƙasa suna tara bayanai.

Da aka nemi su jera takardun bisa gaskiyarsu, ɗaliban sun fi amincewa da littafin makaranta, alhali masanan a ƙasa suka ajiye shi.

Wannan bincike ne ya zama tushen darussan da wata ƙungiya a jami'ar Stanford ta riƙa raba wa malamai kyauta ta intanet.

Wani misali da ake yawan bai wa ɗalibai a matsayin aikin gida shi ne abin da ya faru a birnin Boston ranar 5 ga watan Maris na 1770, inda sojojin Birtaniya suka harbe mutum biyar.

Bayan kimanin mako uku, Paul Revere ya buga wani zane da ke nuna sojojin a jere suna harbin mutanen da ba su ɗauke da makami, jami'insu na ba da umarni.

Amma a kotu, shaidu sun ce taron jama'ar ya yi ta jifan sojojin da ƙanƙara da sanduna.

Lauyan da ya kare su shi ne John Adams, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka na biyu.

An wanke jami'in tare da shida daga cikin sojoji takwas, biyu kuma aka same su da laifin kisa ba da niyya ba.

Aikin ɗalibi shi ne ya gano cewa Revere na cikin masu adawa da mulkin Birtaniya, kuma ya yi zanen ne domin tunzura jama'a.

Duk da haka zanen hujja ne mai kyau, domin yana nuna yadda 'yan adawar suka so a fahimci lamarin.

Irin wannan karatu ba ya samuwa a dare ɗaya, sai da maimaici na tsawon watanni.

Awa nawa ya kamata?

Amurkawa sun shafe fiye da shekara 100 suna muhawara a kan aikin gida.

A 1901 jihar Kalifoniya ta kafa dokar hana bai wa yara 'yan ƙasa da shekara 15 aikin gida, bisa hujjar cewa yana cutar da lafiyarsu.

Ra'ayi ya juya bayan Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron ɗan Adam na Sputnik a 1957, lokacin da aka shiga fargabar cewa an bar makarantun Amurka a baya.

Ma'aunin da aka fi ambata shi ne minti goma ga kowane aji a kowane dare.

Bisa wannan ma'auni, ɗalibin aji na 11 zai yi minti 110 ne a kan dukkan darussansa.

Farfesa Harris Cooper na jami'ar Duke ya tattara binciken shekaru da dama a 2006, inda ya gano cewa akwai alaƙa tsakanin aikin gida da samun sakamako mai kyau, kuma alaƙar ta fi ƙarfi a sakandare fiye da firamare.

Sai dai ya nuna cewa amfanin na tsayawa ne a tsakanin minti 90 zuwa awa biyu da rabi a dare, abin da ya wuce haka ba ya ƙara wani abin kirki.

A wasu makarantun ana wuce wannan iyaka nesa ba kusa ba.

Wani binciken da Denise Pope ta jami'ar Stanford da abokan aikinta suka yi a kan ɗalibai 4,317 a makarantu goma na unguwannin masu hali a Kalifoniya ya gano cewa suna yin fiye da awa uku a kowane dare.

Kashi 56 cikin 100 na ɗaliban sun ce aikin gida ne babban abin da ke jefa su cikin damuwa.

Abin da ake sadaukarwa galibi shi ne barci.

Likitoci a ƙasar na ba da shawarar barcin awa 8 zuwa 10 ga matasa 'yan shekara 13 zuwa 18, amma ƙididdigar hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta nuna cewa fiye da kashi 70 cikin 100 na ɗaliban babbar sakandare ba sa samun awa takwas a ranakun makaranta.

Wannan na daga cikin dalilan da suka sa daga shekarar 2022, dokar Kalifoniya ta hana yawancin manyan sakandaren gwamnati fara darasi kafin ƙarfe 8:30 na safe.

Idan ɗalibi na ɗaukar darasi shida, rabon tarihi daga awa biyun da aka ambata kimanin minti 20 ne.

Tambayar ita ce me zai yi da waɗannan mintoci.

Dabarun da suka fi amfani

Tun a 1885 wani masani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a awoyi da kwanakin farko bayan koyo, kuma bitar da aka yi a lokuta daban-daban na rage ta.

A 2006, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke na jami'ar Washington da ke birnin St. Louis sun gwada ɗaliban jami'a da wani gajeren rubutu.

Wasu sun karanta shi a zama huɗu, wasu kuma sun karanta a zama ɗaya sannan aka sa su rubuta abin da suka tuna har sau uku.

Da aka gwada su bayan minti biyar, masu maimaita karatu ne suka yi gaba.

Amma bayan mako guda, masu gwada kansu sun tuna kashi 61 cikin 100, masu maimaita karatu kuwa kashi 40.

A 2013, John Dunlosky na jami'ar Kent State da abokan aikinsa sun auna dabarun karatu goma da ɗalibai ke amfani da su.

Biyu ne kawai suka samu matsayi na sama: gwada kai da tambayoyi, da kuma rarraba karatu a tsawon lokaci.

Ja wa rubutu layi da alƙalami mai launi, da maimaita karanta babi, waɗanda su ne ɗalibai suka fi so, suna cikin na ƙasa.

Dalili shi ne, idan mutum ya sake karanta shafi yakan ji kamar ya san shi, domin idonsa ya saba da kalmomin.

Sai ranar jarrabawa, babu littafi a gabansa, zai gane cewa sabo da sani ba ɗaya ba ne.

Jadawalin mako

Idan aka haɗa waɗannan sakamako da lissafin makonnin da aka yi a baya, za a iya fitar da jadawali mai sauƙi.

Daga Litinin zuwa Alhamis, ɗalibi zai karanta shafi takwas zuwa goma a kowane dare.

Da ya gama sai ya rufe littafin, ya rubuta abubuwa uku ko huɗu da ya tuna, sannan ya buɗe ya duba abin da ya tsallake.

Minti biyar na farkon kowane zama na bitar tambayoyin makon jiya ne da na watan jiya.

Ranar Juma'a ko Asabar zai ɗauki takarda ɗaya ta asali, ya amsa tambayoyi huɗu a kanta: wa ya rubuta, yaushe, domin wa, kuma da wace manufa.

Sau ɗaya a mako biyu ko uku zai rubuta maƙala yana kallon agogo.

A farkon shekara zai iya tsayawa a kan sakin layi na farko, inda ake bayyana matsayi, kafin daga baya ya kai ga cikakkiyar maƙala.

Manyan ayyuka, kamar rahoton bincike, ana tsara su ne daga ranar miƙawa a dawo baya: ranar gyara, ranar rubutun farko, ranar tattara hujjoji, da ranar zaɓen batu.

Jadawalin na buƙatar rana guda da babu komai a cikinta.

Ɗaliban Amurka da dama na wasanni bayan an tashi daga makaranta, wasu kuma na aikin kanti ko gidan abinci da yamma, don haka tsarin da ya cika maƙil kan rushe da zarar an samu cikas na kwana ɗaya.

A watan Afrilu akan koma bita.

Ɗalibin da ya riƙa gwada kansa tun Satumba ya riga ya san inda yake da rauni, sai ya fara da nan.

Hukumar College Board na wallafa tambayoyin rubutu na shekarun baya a shafinta, tare da amsoshin wasu ɗalibai da bayanin yadda aka ba su maki.

Tun daga watan Mayun 2025 ana zama jarrabawar tarihin ne a kan kwamfuta, saboda haka saurin buga rubutu ma ya shiga cikin abin da ake gwadawa a gida.

Intanet da ƙirƙirarriyar basira

Dukkan wannan tsari ya ginu ne a kan zaton cewa ɗalibi na da wurin zama mai natsuwa da kayan aiki.

Cibiyar bincike ta Pew ta bayyana a 2018 cewa kashi 17 cikin 100 na matasan Amurka kan kasa kammala aikin gida a wasu lokuta saboda rashin kwamfuta ko intanet mai inganci.

Matsalar ta fi ƙamari a gidajen masu ƙaramin ƙarfi da na baƙaƙen fata.

Irin waɗannan ɗalibai kan dogara ne da ɗakunan karatu na gwamnati, ko su yi aikin a kan wayar salula.

Fitowar manhajar ChatGPT a watan Nuwamban 2022 ta kawo wata sabuwar matsala, domin tana iya rubuta maƙalar tarihi cikin daƙiƙoƙi.

Makarantun birnin New York sun toshe ta a watan Janairun 2023, sannan suka janye haramcin a watan Mayun shekarar.

Binciken Pew ya nuna cewa matasan da suka ce sun yi amfani da ita wajen aikin makaranta sun ƙaru daga kashi 13 cikin 100 a 2023 zuwa kashi 26 a 2024.

Wannan ya sa malamai da dama suka mayar da rubutun maƙala cikin aji, suka bar karatu da shiri a matsayin aikin gida.

Ga ɗalibin AP, ribar barin na'ura ta yi masa aiki ba ta da tsawon rai, domin a ɗakin jarrabawa akwai mai sa ido, kuma manhajar da ake amfani da ita ba ta barin a buɗe wani shafi.

Bayan jarrabawa

Makarantu da dama na ci gaba da karatu har watan Yuni, kuma malamai kan yi amfani da makonnin da suka rage wajen ayyukan bincike, kamar tattaunawa da tsofaffin sojoji ko nazarin tarihin garin da makarantar take.

A watan na Yuni ne kuma malaman sakandare da na jami'a ke duba maƙalolin da ɗaliban suka rubuta, bisa ma'auni guda.

Sakamakon na fitowa ne a watan Yuli, lokacin da wasu malaman sun riga sun bai wa sababbin ɗalibansu babobin farko su karanta a cikin dogon hutu.